Abin da masu kiwon mesa suka ce kan fata a lokacin damina

Na tattaro bayanan da masu kiwon mesa suka bayar kan kula da fatarta a damina, galibi kan ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa ta Afirka ta Yamma.

1. Kowa ya yarda danshin iska daban, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa daban. Laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 55 zuwa 65, a ɗaga zuwa 70 in za ta yi saɓa, amma inda take kwanciya ya zama a bushe. Kwanciya cikin lema da kashi ne ke ruɓar da fatar ciki: ta fara ja, sai ƙuraje masu ruwa, sai ɓawon ya yi baƙi.

2. In an ga haka, a kwashe shimfiɗar a sa takarda, a riƙa goge wurin da Betadine, maganin wanke ciwo, da aka sirka har ya yi kalar shayi marar kauri. In wurin ya fara wari ko mesar ta ƙi cin abinci, sai likitan dabbobi.

3. Ɓangaren ɗumi na kejinta ya kasance digiri 31 zuwa 32, kuma a ƙara ramukan iska.

An rabu kan saɓar da ta maƙale. Wasu na jiƙa mesar a ruwan ɗumi minti 20, wasu suka ce akwatin ɓuya mai danshi ya fi, don jiƙawar na firgita ta. Na biyun ne suka fi yawa. Saɓar da ta maƙale a ido kuwa, babu wanda ya yarda a ɓanɓare ta da hannu.