Wace kalma za mu ba Vibrio da Hausa?

1/ Jama'a, ina neman shawara. Ina rubuta darasi kan ƙwayoyin cutar da ke zaune a ruwan teku, sai na cije a kan Vibrio, wani dangi na bakteriya. "Ƙwayar cuta" ta yi faɗi da yawa, ta haɗa bakteriya da bairos duk a kwando ɗaya.

2/ Wani malami ya ce mu kira ta "ƙwayar cutar teku". Ban yarda ba. Babbar gidan ita ce Vibrio cholerae mai kawo kwalara, kuma tana rayuwa a ruwan da ba gishiri. Yaya za ka ce wa mutumin Kano da ya sha ruwan rijiya ya kamu da amai da gudawa cutar teku ce ta kama shi?

3/ Asalin sunan daga Latin ne, yana nufin karkarwa, don tana da wutsiya ɗaya da take kaɗawa. Filippo Pacini ne ya fara bayyana ta kwalara a Italiya a 1854. Da Robert Koch ya same ta a Masar da Indiya wajen 1883 zuwa 1884, siffarta ya duba: 'yar sanda ce lanƙwasasshiya kamar waƙafi.

4/ Nan na tsaya. 'Yar waƙafi, jam'i 'yan waƙafi. Wata 'yar'uwa ta kawo "'yar lauje", ta yi daɗi a baki, amma duk wanda ya ji lauje a zancen lafiya sikila zai tuna.

5/ Daɗin 'yar waƙafi shi ne tana karɓar rabe-rabe. Ga 'yar waƙafin kwalara, wadda ke da rukuni sama da 200 amma O1 da O139 kaɗai ke tayar da annoba. Ga 'yar waƙafin kifi, wato parahaemolyticus, da aka gano a Osaka ta Japan a 1950 bayan mutum 272 sun kwanta, 20 suka mutu, saboda cin ƙananan kifi. Wannan kam ba ta rayuwa sai da gishiri. Sai 'yar waƙafin rauni, vulnificus, mai shiga ta ciwo ko ta cin ɗanyar kawa, wato halittar teku mai kwanso (oyster).

6/ Masu aikin ɗakin gwaji, ku ne da wuƙa da nama. A farantin TCBS, wanda ake renon waɗannan ƙwayoyi a kai, ta kwalara rawaya take fitowa, ta kifi kuma koriya. In kuna da sunan da kuke kiransu a tsakaninku, ku ajiye shi a ƙasa kafin in miƙa darasin ranar Litinin.