Shawarwarin Masu Karatu Kan Labarin Kasada Na Kimiyya

A wani ƙauye kusa da Haɗejiya, masu karatu sun tattauna kan labarin kasada da wani matashi yake rubutawa, inda jarumar ke binciken yadda ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa.

Masunta ne suka fi zafafawa, kuma ina tare da su. Sun ce lallai ne matashin ya bayyana cewa kachalla tana bunƙasa a ruwan da ke kwance duk shekara, abin da ya ƙaru bayan gina madatsar Tiga a 1974. Malaman makaranta suka ce kada ya jibge bayanin kimiyya wuri guda, ya bar shi ya fito daga bakin mai kwalekwale. Mata kuwa suka roƙi a rage harbe-harbe, a ba mugun da ke cikin labarin dalili mai kama hankali.