Makarantar Fada: karatu zalla ne, ko da wata a ƙasa?

Daga zauren WhatsApp na mazauna wata unguwa a Gusau, daren wata Lahadi. Sunayen da ke nan laƙabin da aka san kowa da shi ne a zauren.

Mai Shago: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Jiya na ɗauki littafin lissafin yarinyata, 'yar aji huɗu, na buɗe shi shafi-shafi tun daga farkon zango. Wallahi babu jan biro ko ɗaya, wato babu malamin da ya taɓa duba abin da take rubutawa. Na ce ta karanta mini rubutun jikin kwalin madara, ta tsaya tana kallona. Yarinyar maƙwabcina sa'arta ce, makarantar 'yan Katolika take, ita ke karanta wa uwarta takardar magani. Na yanke shawarar mayar da tawa can. Ni dai abin da na fahimta, makarantar Fada, wato ta limaman Katolika, karatu da tarbiyya kawai take bayarwa, babu ruwanta da addinin yaro.

Malam Liman: Wa alaikumus salam. Alhaji, maganarka ta farko ta ba ni tausayi, ta ƙarshe kuma ba daidai ba ce. Babu mai gina makaranta da kuɗin majami'a, ya sa mata sunan waliyyinsa, ya kafa giciye a bakin ƙofa, sannan a ce babu ruwansa da addini. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yarinya 'yar shekara tara kuma icce ce ɗanye.

Mai Shago: Allah gafarta Malam, Islamiyya fa ba za ta daina ba. Ƙarfe huɗu tana can kullum.

Malam Liman: Awa shida a can, awa biyu a nan. Kai ne ɗan kasuwa, yi lissafin.

Hajiya Babba: Bari in faɗi abin da idona ya gani, kada a ce ji na yi. Jikana ya yi shekara guda a irin wannan makaranta a wani gari. Ya zo hutu, na zuba masa tuwo, sai na ga ya ɗaga hannu ya taɓa goshi, ya taɓa ƙirji, ya taɓa kafaɗu, sannan ya sa hannu a kwano. Na ce kai, mene ne wannan? Ya ce haka ake yi kafin a ci abinci. Ba wanda ya tilasta masa, gani ya yi yara na yi. A satin na sa ubansa ya cire shi.

Madam 'Yar Zuru: Barkanmu da dare, iyayena. Ni ce kaɗai 'yar Katolika a zauren nan, kuma na yi shekaru ina koyarwa a makarantar mishan kafin in koma ta gwamnati, don haka ku ba ni dama. Zan ba ku mamaki: a wannan gaɓar Malam Liman ne da gaskiya, ba Alhaji ba. Makarantar Katolika ba ta taɓa cewa babu ruwanta da addini ba. A 1965 babban taron bishof-bishof na duniya a Vatikan ya fitar da takarda kan ilimi, kuma abin da ta ce a fili shi ne makarantar Katolika ta zama wurin da ruhin Bishara ke gudana a cikinsa, a raini mutum gaba ɗayansa, hankali da hali da ruhi. Duk wanda ya ce maka boko zalla ne, ko dai bai sani ba, ko yana son kuɗin rajistarka.

Malam Liman: To alhamdulillahi. Mai ɗaki ta faɗi inda yake yoyo.

Madam 'Yar Zuru: Ban gama ba, Malam. Takardar nan ita ce kuma ta ce iyaye su ne malamai na farko, su ke da haƙƙin farko a kan tarbiyyar ɗansu, makaranta mataimakiya ce. A ranar da aka fitar da ita, 28 ga Oktoba, aka fitar da wata da ta ce Ikilisiya, wato Cocin Katolika, na kallon Musulmi da girmamawa. Dokar Ikilisiya kuma ta hana a tilasta wa kowa shiga Katolika. A ajina ban taɓa ganin an yi wa ɗan Musulmi baftisma ba. Mu a Zuru gida ɗaya za ka samu wa yana zuwa coci, ƙane yana zuwa masallaci, tukunya ɗaya. Ƙanen babana alhaji ne, a makarantar mishan ya koyi baƙi.

Malam Liman: Madam, ni ban ce ana kama yaro a tsoma shi a ruwa ba. Tilas daban, sabo daban. Jikan Hajiya wa ya tilasta masa?

Baba Hedimasta: Ɗiyana, ku bari tsoho shi sa baki. Ni na ga wanga abu tun tushe. Tun shekarun 1950 su Fada da Sistoci, matan da sunka bar aure don hidimar coci, 'yan ɗarikar Dominikan ta Katolika, sunka zo garin ga daga Amurka, nan Gusau sunka fara kafa sansani tun kafin a yi dayosis ɗin Sakkwato, wato yankin bishof, a 1964. Ni ɗan ma'aikacin reluwe ne, cikin 'yan Sabon Gari na tashi, makarantar mishan ubana ya kai ni. Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne rataye ga icce. In anka buga shi ba ka cikin layi, ka san sauran. Ana duba farce, ana duba haƙora, ana duba wuyan riga. Addu'ar "Ubanmu wanda ke cikin sama" har gobe ina iya kawo ta ba tuntuɓe. Ga shi kuma shekara talatin ni ka kiran sallar asuba a masallacin layinmu.

Hajiya Babba: Baba, kai Allah ya tsare. Duk 'yan ajinku haka suka fito?

Baba Hedimasta: A'a, Hajiya, ba ni yi miki ƙarya. Akwai wanda ya bi su. Amma maraya ne, gidan Fada yake kwana, su ka ci da shi, su ka yi mai sutura. Mu da munka san za mu koma gida mu iske uba da allo da bulala, babu wanda ya gusa. Abin da na lura da shi ke nan: yaron da gida ya riƙe ba shi zamewa, wanda anka saki shi ka tafiya.

Malam Liman: To ai maganar ke nan, Baba. Marayu da talakawa su ne abin nema.

Madam 'Yar Zuru: Ba zan musa ba, takardar ta ambaci talakawa, da waɗanda ba su da dangi, har da waɗanda ba su cikin bangaskiyar, ta ce a kula da su musamman. Ku kuna karanta wannan a matsayin tarko, mu muna karanta shi a matsayin umarni. Amma Malam, maraya in wani ya ɗauke shi, ai sai a tambayi inda danginsa suke.

Malam Liman: Wannan ta shige ni, kuma na karɓa. Laifinmu ne. Jikokin Nana Asma'u ne mu, wadda ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun kafin Bature ya taka ƙasar nan. Amma gazawarmu ba ta zama hujjar miƙa yara ba.

Barista: Ku yi haƙuri, yanzu na shigo. Akwai doka a kan wannan, kuma baki biyu gare ta. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin wani addini ko shiga ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Amma sakin layi na gaba ya ce ba za a hana wata al'ummar addini koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da ita ke ɗaukar nauyinta gaba ɗaya ba. Wato Fada na da ikon yin addu'arsa a asambili, kai kuma kana da ikon cewa 'yarka ba za ta amsa ba. Matsalar ita ce yarinya 'yar aji huɗu ba ta yawo da tsarin mulki a jaka. In yara ɗari uku sun durƙusa, da wuya ita kaɗai ta tsaya.

Mai Shago: Barista, hijabi fa? Na ji an ce kotu ta gama wannan magana.

Barista: Hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 da ya ba ɗalibai damar sa hijabi, a kan makarantun gwamnatin Legas ne. Rikicin hijabi na Ilori na 2021 kuma a kan makarantun mishan ne da gwamnati ke biyan albashin malamansu. Makarantar kuɗi mai zaman kanta, kada ka shiga da zaton wancan hukuncin zai yi maka aiki kai tsaye. Ka tambaya tun a bakin ƙofa, kuma a rubuta maka.

Ɗan Autan Zaure: Ni abin da ke ba ni dariya, ana ta cewa makarantar talakawa. Wane talaka? Ku je ku ji kuɗin zango, ga yunifom, ga littattafai. Ɗan mai tura baro ba ya shiga can. Sannan lokacin da Kebbi da Katsina da Kano da Bauchi suka rufe makarantu don azumi a 2025, ba bishof-bishof ɗin Katolika ne suka fito suka yi ta suka ba? Su ne za su kula da azumin 'yarka?

Mai Kula da Zaure: Auta, maganar hutun azumi mun yi ta mun gaji a lokacinta. A tsaya kan tambayar Alhaji.

Madam 'Yar Zuru: Ta kuɗin zan amsa, don ta fi yi mini ciwo. Gaskiya ne, kuma mu ma muna faɗa wa su Fada a taron coci. A da gwamnati na ba makarantun mishan tallafi. Yanzu daga kuɗin iyaye ake biyan malami, a sayi alli, a zuba mai a janareto. Ni kaina albashina a can bai kai na gwamnati ba, shi ya sa na tashi. Akwai 'ya'yan mabiya cocinmu da iyayensu ba sa iya kai su makarantar da suka yi aikin gayya aka gina.

Baba Hedimasta: To tunda ba albashi ba ne, mi ya sa malamin can ka duba littafi, namu ba shi dubawa? Wagga ita ce tambayar, kuma duk kun kauce mata. Ni na yi aiki kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, na yi bayanta. A Kaduna St. John's ta koma Kwalejin Rimi, ta Sistoci ta koma Sarauniya Amina. Gini bai canza ba, allo bai canza ba. Abin da ya tafi shi ne mai makaranta da ka kwana cikin makaranta. Fada gidansa na nan bayan aji, bakwai saura kwata yana bakin ƙofa da rajista, malamin da ya makara shi ka fara gani. Sai ga UPE, shirin karatun firamare kyauta ga kowa, a 1976, anka kwaso yara, anka kwaso malamai da horon gaggawa, sufeto kuwa sai shekara ta zagayo. Ni da nake hedimasta, malami ya yi sati biyu bai zo ba, na kai ƙara, washegari anka kira ni anka ce ɗan wane ne. Fada ba shi da wane.

Malam Liman: To Baba, ashe ba giciyen ke karantarwa ba, sa ido ne. Sa ido kuwa ba sai an je coci ake samunsa ba. Akwai makarantun Musulmi a garin nan da ke haɗa boko da hadda.

Baba Hedimasta: Awo, akwai, wasu ma na ƙoƙari ƙwarai. Amma kada ka raina giciyen, Malam. Sistar da ta bar aure, ta bar garinsu, tana ganin duba littafin yaro ibada ce, ba ka raba aikinta da imaninta. Abin da Alhaji ka so shi saya, daga cikin abin da kake tsoro yake fitowa. Shi ya sa ba a yanke wagga magana da saƙo guda.

Mai Shago: Kun ƙara rikita ni. Makarantar kwana dai ba na ma tunaninta, tun da aka sace ɗalibai mata a Jangebe a 2021 na rantse. Ta jeka-ka-dawo ce. To me zan yi?

Madam 'Yar Zuru: Alhaji, kada ka je ofis da rana. Ka je bakwai da rabi ka tsaya bayan layi, ka ga asambili da idonka. Ka tambayi Sista abu huɗu: in ana darasin addinin Kirista ina 'yan Musulmi ke zama, akwai malamin addinin Musulunci ko babu, ranar Juma'a ƙarfe nawa ake tashi, kuma ranar da ake kai yara sujada a coci ya ake yi da su. Makarantu sun bambanta, wata za ta ba ka amsa mai daɗi, wata za ta ce ga dokarmu, in ba ta yi maka ba ga hanya. In kana so in raka ka.

Malam Liman: Ni har yanzu ban ba da shawarar a kai ta ba, a rubuta wannan. Amma in za ku, ku biyo ta gidana, ina so in ji amsar tambaya ta biyu da kunnena.

Hajiya Babba: Ku tambayo kuma ko ana addu'a kafin cin abincin tara.

Mai Shago: Talata in Allah ya kai mu. Gobe ina Kasuwar Daji. Baba, kai ma za ka?

Baba Hedimasta: Ƙafa ba ta bari. Amma ka aiko mini yarinyar da littafin nan nata bayan la'asar, ina da jan biro.