Tambaya kan "yourself" da "yourselves" a harshen Ingilishi

Hadiza:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe na kwaleji a nan Maradi, muna shirin jarrabawar BEPC. An koya mana yourself da yourselves, amma har yanzu ban gane inda ake sa su a maimakon you ba. Ina kuma so in sani, idan ina magana da babban mutum guda ɗaya, kamar shugaban makaranta, ko yourselves zan ce don girmamawa, tun da da Hausa "ku" muke ce wa manya, da Faransanci kuma vous. Malamai, a taimaka mini.

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam, ƴata. Ki fara daga abin da kika riga kika sani. Idan wanda ake yi wa magana shi ne mai aikin, kuma a kansa aikin ya faɗa, Hausa tana cewa "kanka", "kanki" ko "kanku", kamar yadda uwa take ce wa yarinyar da ta ɗauki wuƙa, "Za ki ji wa kanki ciwo." Da Ingilishi sai a ce You will hurt yourself. Ingilishi bai raba namiji da mace a nan ba, saboda haka yourself ta haɗa "kanka" da "kanki", yourselves kuwa ita ce "kanku". Ki lura cewa f tana komawa v a jam'i, kamar knife da knives. Yourselfs kuskure ne da nake yawan ja wa layi da jan biro.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi. Yawan mutane kaɗai ake dubawa, ba girmansu ba, don haka ko gwamna kike gabansa, muddin shi kaɗai ne, yourself za ki ce. A da can Ingilishi yana da thou da thyself na mutum ɗaya, amma an daina faɗarsu a maganar yau da kullum, you ta ɗauki aikin tilo da na jam'i. Shi ya sa you ba ta nuna yawan waɗanda ake nufi, sai an zo kan waɗannan kalmomi biyu. Ladabi kuwa da please da sir da madam ake nuna shi.

Alhaji Sani:
Madalla da bayanin Malam. Ni a harkar kasuwa tsakanin Maradi da Katsina na saba da su. Wanda ya ajiye maka abinci ya ce Help yourself, bismilla yake yi maka. Idan aka ce Count the money yourself, nufin shi ne ka ƙirga kuɗin da kanka, kada ka wakilta yaro. By yourself kuma "kai kaɗai" ke nan, ba tare da kowa ba.

Malama Rabi:
Hadiza, ƙanwata, ki yi hattara da Faransanci, domin a nan ne mu da muka yi lakwal da shi muke tuntuɓe. Inda ake cewa tu te lèves, tu te reposes, Ingilishi ba ya neman kalmar da ke komawa ga mai aikin. You get up da you rest sun wadatar. Haka nan How do you feel? ake tambayar majinyaci, ba a ƙara masa yourself. Bayan with mai ma'anar tafiya da abu, you ake sawa: Take your bag with you. Akwai masu rubuta I will call yourself a wasiƙun ofis, suna ganin ya fi ladabi, amma mai kiran daban ne, wanda za a kira daban ne, saboda haka I will call you ne ya kamata ki rubuta a jarrabawa.

Hadiza:
Na gode, malamai, Allah ya saka da alheri. To, me ya sa ake cewa Behave yourselves alhali babu you a jimlar?

Malam Isufu:
Umarni ne, ƴata, kuma a umarnin Ingilishi ba a furta you, amma tana nan a ma'ana. Malamin da ya faɗi haka dukan ajin yake nufi. Da ke kaɗai yake yi wa kashedi, da Behave yourself zai ce.