Layin farko na DropDownList yana ɓacewa bayan DataBind

Ɗan_Kod:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa fom ɗin rajistar ma'aikata da ASP.NET Web Forms, kuma akwai DropDownList (akwatin da ake zaɓa daga jeri) da ke ɗauko sunayen sassa daga ma'ajiyar bayanai ta SQL Server. Damuwata ita ce, shafi na buɗewa sai ka ga "Akanta" zaune a akwatin kamar an riga an zaɓe shi, don shi ne na farko a jerin. Mutum sai ya cika sauran wurare ya danna Aika bai ko kalli nan ba. Jiya da na leƙa teburin bayanan, har direbanmu na tarar a sashen akanta! Na sa Items.Add("") kafin DataBind(), umarnin da ke zuba sunayen a akwatin, don a samu layi marar komai a sama, amma ko alamarsa babu. Ina na kuskure?

Baffa:
Wa alaikumus salam. Ba kai ka ɓatar da shi ba, DataBind ne ya share shi. Duk sa'ad da aka kira shi, sai ya fara kwashe abin da ke cikin Items kafin ya zuba na teburin. Don haka bari ya gama tukuna, sannan ka sa:

ddlSashe.Items.Insert(0, new ListItem("", ""));

Lura, Insert ne ba Add ba, domin Add can ƙasan jerin zai kai shi. Kuma ka tabbata DataBind da Insert ɗin duka suna cikin if (!IsPostBack), wato su yi aiki a buɗewar shafin ta farko kawai, in ba haka ba mutum zai zaɓi sashensa, shafi na dawowa zaɓin ya goge.

Hajiya_SQL:
Maganar Baffa daidai take. Akwai kuma wata hanya tun .NET 2.0 na 2005: ka sa AppendDataBoundItems="true" a kan akwatin, ka rubuta ListItem ɗinka a cikin fayil ɗin aspx na shafin, DataBind ba zai taɓa shi ba. Sai dai ni ta taɓa ba ni wuya. Ina da akwati biyu, na biyun yana canzawa gwargwadon abin da aka zaɓa a na farko. Duk canjin da aka yi, sai sababbin su hau kan tsofaffi, jerin ya yi ta tsawo kamar carbi, suna ɗaya sau uku sau huɗu. Ai ce masa na yi kada ya share komai, shi kuwa ya bi umarni. Tun daga nan na koma sa Insert ɗin a cikin DataBound, wanda ke tashi duk sa'ad da DataBind ya gama, ko sau nawa aka sake lodi layi ɗaya ne a sama.

Ɗan_Kod:
Na gode ƙwarai, ya fito! Amma yanzu in ba a zaɓi komai ba, int.Parse, mai mayar da rubutu lamba, yana jefo min kuskuren FormatException.

Baffa:
To ai haka za a yi, babu lamba a wurin. Ɗora wa akwatin RequiredFieldValidator, mai tilasta a zaɓi wani abu kafin a aika. In Value ɗin fanko ne, shi ke nan. In kuwa "0" ko "-1" ka ba shi, sai ka rubuta hakan a InitialValue na validator ɗin. Ka kuma duba Page.IsValid kafin ka adana, don ka tabbata fom ɗin ya tsallake binciken. Ni dai da ni ne, "-- Zaɓi sashe --" zan rubuta, don farin akwati wasu ɗauka suke intanet ne bai gama lodawa ba.

Ɗan_Kod:
An yi, Baffa, Allah Ya saka da alheri. Saura in zauna in fitar da direba daga sashen akanta.