Neman kalma: me za mu kira "parts" a Hausa?

1/ Kwana uku ke nan ina kokawa da kalma ɗaya. Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ke bin hanyar IFS (Internal Family Systems, hanyar jinya da ke kallon cikin mutum kamar wani iyali) suna cewa "parts" in suna nufin abubuwan da ke ja-in-ja a cikin mutum. Richard Schwartz, Ba'amurke mai sasanta matsalolin iyali, shi ya assasa hanyar a shekarun 1980. Masu fama da matsalar cin abinci ne suka riƙa faɗa masa cewa wani abu a cikinsu yana tunzura su su ci, wani kuma ya dawo yana zaginsu.

2/ "Sassa" aka fara kawo mini, ban karɓa ba. Sashe na mota ne ko na ma'aikata, ba ya tsoro, ba ya jin kunya. Abin da Schwartz ke nufi kuwa yana da tsoronsa da burinsa, har da shekarunsa. Wani lokaci ƙaramin yaro ne da ya tsaya cak tun ranar da aka wulaƙanta shi.

3/ Wata 'yar'uwa ta ce "mutanen ciki". Yaya, ki yi haƙuri, duk wanda ya ji wannan aljanu zai kawo a ransa, ga shi dama a tsorace ya zo neman taimako. "Muryoyi" ma haka, za a rikita shi da jin maganganu a kunne, alamar wata cuta ce daban.

4/ Ashe kalmar tana bakinmu: "Wata zuciyar ta ce in tafi, wata ta ce in zauna." Ba wanda ke faɗin haka a ce ya haukace. Ni dai na tsaya a kan zukata.

5/ Schwartz ya kasa su uku. Akwai korarrun zukata, masu ɗauke da tsohon ciwo, an kulle su can ciki. Akwai masu tsaro, masu yawan tsari da sukar kai don kada ciwon ya motsa. In ya motsa, sai 'yan kwana-kwana su fito su kashe wutar ko ta halin ƙaƙa: shaye-shaye, ci ba ƙaƙƙautawa, fushi. A wajensa babu muguwa a cikinsu, kowace kariya take nufi ko da ta yi ɓarna, kuma wannan ne ya fi taɓa ni.

6/ Abin da Schwartz ke kira "Self", wanda ke sauraronsu duka cikin natsuwa da tausayi, ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Na sa masa "ainihin kai".

7/ Ku gwada a baki ku ji: "Wace zuciyar ce ke magana yanzu? Me take tsoron zai faru in ta yi shiru?"