Neman kalma: inghimasi da abin da Samson ya yi

Tafinta, Unguwar Rimi:
Salamu alaikum. Ana shirya takardar Hausa don zaman malamai da fastoci a nan Kaduna kan ramuwa a littattafan addini, kuma kalma ɗaya ta tsaya mana: inghimas ta Larabci, wato mayaƙi ya nutsa cikin rundunar abokan gaba shi kaɗai alhali da wuya ya fito. Daftarin farko ya sa "ƙunar baƙin wake", ya kuma sa ita a kan Samson, jarumin Isra'ila na Littafin Mahukunta a Littafi Mai Tsarki. Mu bar ta haka?

Malamin Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. A cire ta daga kan inghimasi. Tambayar farko a fiƙihu ita ce, hannun wa ya kashe shi? Mai inghimasi makamin abokin gaba ne ke kashe shi, kuma yana iya tsira. A yaƙin Yamama, zamanin Halifa Abubakar, an ɗaga Bara'u bin Malik aka jefa shi ta kan katangar lambun da mutanen Musailama, mai da'awar annabci, suka shige. Ya buɗe ƙofa, ya fito da rauni tamanin da wani abu, ya rayu. Baƙin Wake na labari kuwa rungumar ɗan sarki ya yi ya faɗa wuta da shi, babu zancen fita.
Ayoyin ma biyu ne, kada a cakuɗa. Nisa'i 29 ta hana mutum kashe kansa. Baƙara 195, ta jefa kai ga halaka, ita mutane suka karanta wa wani da ya kutsa cikin Rumawa a yaƙin Ƙusɗanɗiniyya, sai Abu Ayyub al-Ansari ya ce ta sauka ne kan barin jihadi don kula da dukiya. Malamai kuma ba su sake abin sakaka ba: a fagen fama, kan mayaƙa, da tsammanin tsira ko amfani ga runduna. In babu waɗannan, ganganci ne.

Fasto daga Sabon Tasha:
Allah gafarta Malam, ma'auninka ya raba Samson da inghimasi, domin hannunsa ne ya ture ginshiƙan ginin da ya rufta masa. Littafin Mahukunta 16:27 zuwa 30: makaho ne, fursuna, a haikalin Dagon, mutum wajen 3,000 a kan rufi. Bai ɓoye dalilinsa ba. Ya roƙi ƙarfi don ya rama wa idanunsa biyu, sannan ya ce bari ya mutu tare da Filistiyawa. Don haka kada a sa masa "sadaukar da kai" zalla, za a share ramuwar da shi da bakinsa ya ambata.
Wurin ya daɗe yana wahalar da mu. Ibraniyawa 11:32 ta lissafa shi cikin masu bangaskiya, Romawa 12:19 kuma ta ce ramuwa ta Ubangiji ce, Littafin Firistoci 19:18 ya hana ramuwa tsakanin jama'a. Agustin, babban malamin coci wanda ya rasu a 430, ya fitar da shi ne da cewa Ruhu ya umarce shi a asirce. To amma a Mahukunta 14:6, 14:19 da 15:14 nassi ya faɗa ƙarara cewa Ruhun Ubangiji ya sauko masa, a sura 16 bai faɗa ba. Kalmarmu kada ta yanke hukuncin da nassi bai yanke ba.

Hajiya ta ɗakin labarai:
Ni matsalata kunnen mai sauraro. Tun harin cocin St. Rita da ke Malali a Oktoban 2012, in ka ce ƙunar baƙin wake a garin nan mota da bam ake gani. Ka sa wa Samson ita, Kirista zai ce an zagi littafinsa. Ka sa wa Bara'u, ko dai Musulmi ya fusata, ko kuma, wanda ya fi muni, wani yaro ya ɗauka Sahabbai sun yi abin da masu bam ke yi.
Sannan a kula da "fansa" ita kaɗai. A labarai kuɗin da ake ba masu garkuwa ne, a coci kuma Mai Fansa, wato Yesu, ake nufi. Kullum a rubuta "ɗaukar fansa" cikakkiya.

Malamin Tudun Wada:
Hajiya ta yi gaskiya. A kuma raba ƙisasi da ramuwar gayya. Ƙisasi na Baƙara 178 hukuma ke zartarwa, kan wanda ya yi laifin kaɗai, kuma dangi na iya yafewa ko su karɓi diyya, raƙumi 100 ko dinari 1,000. Isra'i 33 ta ce waliyyin mamaci kada ya wuce iyaka. Tare hanya a kashe duk wanda sunansa ya yi kama da na mai laifi ba ya shiga nan ko kusa.
Ga inghimasi ina ba da "kutsen sai da rai". Bahaushe na da "sai da rai" tun tuni, Baƙara 207 ma da sayar da rai ta zo.

Fasto daga Sabon Tasha:
Na yarda. Ga Samson, "ramuwar mutuwar kasko": an ambaci ramuwa, an nuna kowa ya tafi, ba yabo ba zagi. Sura 15 kuwa "ramuwar gayya" ce ba tantama. Dila 300 da ya saka da wuta sun ƙone gonaki, an ƙone matarsa da surukinsa, ya karkashe Filistiyawa, ya ce yadda suka yi masa haka ya yi musu, aka ƙare da gawa 1,000.

Hajiya ta ɗakin labarai:
Fasto, mutuwar kasko 'yan siyasa da 'yan ƙwallo sun ɗan sassauta ta, ana faɗarta da dariya. A karon farko a bi ta da bayani layi ɗaya. "Kutse" ma yanzu har na kwamfuta ake cewa, kada a bar ta ba "sai da rai".

Tafinta, Unguwar Rimi:
An ɗauka. Kutsen sai da rai ga inghimasi, ramuwar mutuwar kasko ga Mahukunta 16 da bayani a gefe, ƙunar baƙin wake ta tsaya kan masu bam. Malam, sauran shahada da istishhadi, wato neman shahada, su ma daftarin ya haɗe su wuri guda a shafi na 4.